Tsingaro

Sun sauka Kufan Magarya ran Talata,
bayan an gama roron gyaɗa,
su huɗu, da turaku da igiya da rariya.
Ni aka ba shebur, ni da Barau,
kuɗin wuni a hannu kafin magariba.

Mun zaci tulun zinariya suke nema.
Barau har ya zaɓi babur ɗin da zai saya.
Kwana tara muna kankare gindin ganuwa,
a tona taki guda, a tsaya, a auna, a rubuta,
me ya fito? Tsingaro.
Toka, ƙashin akuya, sai kuma tsingaro.
Abin da garma ke tonowa mu shure da ƙafa
shi Dakta Huwaila ke sharewa da buroshi
kamar ungozoma a wankan farko.

Ta ce ƙasa jera kaya take yi,
na jiya a sama, na tuntuni a can ƙasa,
kamar zannuwa a adakar tsohuwa.
Na ce to. Ni dai bayana ke ciwo.

Ran kasuwar Birnin Kudu, da la'asar sakaliya,
Inna Tasalla ta biyo ta nan
da tukwane shida da ta fita da su tun safe,
shidan ta dawo da su.
Ta sauke gammo, ta tsuguna babu gayyata,
ta ɗau guda, ta tofa yawu, ta murza:
"Wannan totuwa aka mirgina masa
tun yumɓun yana ɗanye.
Haka uwata ke yi.
Wannan kuwa, a'a. Igiyar rama ce, murɗaɗɗiya.
Ban san mai wannan hannun ba."

Biro ya tsaya a hannun Dakta.
Aka shimfiɗa tabarma, aka zazzage ledoji,
tsohuwa na warewa kamar mai tsince wake.
Na sama duk zanen totuwa.
Na cikin ganuwa da na ƙarƙashinta, igiya zalla,
ko ɗaya masara ba ta taɓa ba.

Dakta ta ce masara baƙuwa ce a nan,
daga bayan teku ta taso, nesa da Masar ɗin ma,
ƙasar da su ma suke tambayar fasassun tukwane
shekarun gine-ginensu na dutse.
In haka ne, ganuwa ta riga masara zuwa.
"Wataƙila," in ji ta. "Bari gawayi ya dawo daga awo."
Ba ta taɓa faɗin magana ba wataƙila a gindinta.

Dagaci bai ji daɗi ba.
Shi a gidansu, kakan kakansa ne ya gina.
Barau ya raɗa min: ya dai tarar, ya yi mata yaɓe.

Can ƙasa, inda shebur ya fara jin danshi,
na ciro bakin wata randa,
da shaidar babban yatsa a cikinsa.
Inna Tasalla ta sa na dama, bai zauna ba.
Ta sa na hagu, ya shige daidai.
Ta daɗe ba ta cire ba.
"Bahaguwa ce," ta ce. "Kuma sauri take yi.
Ko hadari ne ya taso, ko yaro ke kuka."

Aka ba shi lamba, aka ɗaure a leda.

Da za ta tafi na ɗora mata kaya.
Ta dubi ramin, ta dubi jarkar ruwanmu mai ruwan ɗorawa,
ta ce in sauke mata ƙaramar.
Ta kife ta a inuwar ganuwa, ta ce a bar ta nan,
kada waɗanda za su tono mu
su ce ba mu iya komai ba.

Har yau tana wurin. Kaza ta fara ƙwai a gefenta.